Ledar da Ta Kashe Min Akuya

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Maman Ladi daga Maikunkele kusa da Minna, kuma raina a ɓace yake.

Kwanaki kun kawo labarin wani sinadari da masana ke samu daga ƙwayoyin halitta, wai yana narkar da leda. Tun ranar maƙwabcina mai sayar da fiya wata ya daina share ƙofar shagonsa. Na yi magana, ya ce, "Haba Mama, ai an samo abin da zai cinye ta!"

Akuyata ce ta cinye. Ta kumbura, muka yanka, mahauci ya zaro leda bokiti guda daga tumbinta.

Don Allah ku gaya masa sinadarin bai iso Minna ba. Ku ba ni shawara kafin in juye masa bokitin nan a cikin shago.