A Ba Mu Izinin Fasa Ƙofar Nan

Mai girma shugaban kamfani, manajojinmu masu daraja, injiniyanmu da ke laɓe bayan tankin ruwa, 'yan uwana ma'aikata da rana ke gasawa a filin ajiye motoci, da ke Goggo mai shayi da ke leƙo mu ta tagar bene, assalamu alaikum.

A madadin ƙungiyar ma'aikata, ina godiya da wannan taruwa taku, ko da yake na san ba ku da wani wurin zuwa.

Kuna tune, bara aka kwashe manyan kwamfutocin da ke riƙe da aikinmu, aka kawo wani baƙin akwati guda. Aka ce mana duk suna cikinsa, sai dai ba su da jiki. Muka tafa. To, yau ga abin da muka tafa wa.

Na farko, zaman cikin akwatin nan zaman gidan haya ne, mai banɗaki ɗaya. Ranar da 'yan sashen talla ke loda bidiyo, saƙon da ka aika wa na kusa da kai da safe sai la'asar yake isa, alhali kana jin tarinsa.

Na biyu, kwamfutocin nan marasa jiki, haihuwarsu ba wuya. Kowa ya yi ƙorafi sai a ƙirƙira masa tasa, har suka fi mu yawa. Na nuna wa injiniya wata, na ce, "Wannan ta wace ce?" Ya ce, "Wallahi ban sani ba, amma tsoron kashe ta nake."

Na uku kuwa, jama'a, shi ya tsayar da mu a rana. Yau da safe akwatin ya mutu, ya tafi da saƙonni, ya tafi da wayoyin ofis, ya tafi da kwamfutar da ke buɗe ƙofofi. Akwatin yana ɗaki, ɗakin yana kulle, ƙofar kuma tana jiran umarnin akwatin! Makullan ƙarfe fa? An zubar, wai tsohon yayi ne.

Goggo ta riga kowa shiga don ta ɗora ruwa, ƙofa ta rufe da ita. 'Yarta tana asibiti tana naƙuda, haihuwar fari, mijin 'yar ya kira wayar Goggo har ya gaji. Raina a ɓace yake, ranka ya daɗe. Ka ce mu jira kamfanin da ya sayar mana, su kuma sun ce za su duba kokenmu cikin mako. Jaririn nan bai san mako ba.

Mun san ƙofar gilashi ce, mun san kana son ta, mun ga hotonka da ita. Amma ga mai gadi can riƙe da guduma, kai kawai yake kallo.

Alhamdu lillahi, shugaba ya gyaɗa kai! Kowa shaida ne.

Allah ya sauki 'yar Goggo lafiya, Allah ya raya abin da za a samu, Allah ya ba shugabanmu haƙurin rashin ƙofa. Goggo, sauko, amma ki tsaya nesa da gilashin. Na gode.