Kuɗin Yaɓe da Zanen Keke

TAMBARI: Alo? Salamu alaikum. Kalgo ce? Ofishin hakimi?

SIDDIƘU: Alaikumus salam. Siddiƙu ne, malamin haraji. Rage murya, taubashi, ko ba waya ana jin ka daga Gwandu.

TAMBARI: Ina kwana? Ina gajiya?

SIDDIƘU: Ba gajiya. Ya Nana da yara?

TAMBARI: Lafiya lau. Ya jikin Hajjo?

SIDDIƘU: Da sauƙi. Ya kasuwa?

TAMBARI: Mi kac ce? Wayag ga ƙara take.

SIDDIƘU: Na ce ya kasuwa!

TAMBARI: Sai godiya. Siddiƙu, na yi magana da Sambo dillali. Gidan kakarmu Kulu da ke nan Kalgo, sayar da shi za ni yi. Fam ukun da anka aza mani kan kuɗin hayarshi, ban da su.

SIDDIƘU: Koma ka ce ma Sambo ka fasa. Sule goma sha biyar za ka biya.

TAMBARI: Kar ka yi mani wasan taubasai da wanga zance.

SIDDIƘU: Ba wasa ba ne. Ran da mai ƙiyasta haraji ya zo daga Birnin Kebbi, ina can Dangoma. Ya tambaye ka nawa ka kashe ma gidan bana. Mi kac ce mashi?

TAMBARI: Na ce ko anini.

SIDDIƘU: Gida fari tas, an yi sabon yaɓe, ɗakuna uku sun sha daɓe, kai ko ka ce ko anini.

TAMBARI: To wa ke faɗa ma mai haraji ya kashe kuɗi? Tun kakanni tsohuwar riga ake sawa in za a gan shi.

SIDDIƘU: Ga harajin kai ke nan. Gidan haya daban ne. Abin da ka kashe wurin gyara shi, cire shi ake daga kuɗin hayar, sauran ake aza ma haraji. Kai ko ka rufe baki, sai anka aza maka bisa duka.

TAMBARI: Ashe ni na cuci kaina.

SIDDIƘU: Da hannunka. Na ɗauko Albarka magini, na kai shi gaban mutumin, ya faɗi ladar yaɓe da farar ƙasa. Zulai, uwar matan da sunka yi daɓe, ita ma ta aiko da nata bayani. Malaman makarantar da ke haya sun shaida cewa bango zuba yake kafin gyaran.

TAMBARI: Duk kai ka bi su?

SIDDIƘU: Kwana biyu ina taka keke. Abu guda mai ƙiyastar ya ƙi cirewa, zanen keken da ka sa anka yi maka bisa ƙofar zaure.

TAMBARI: Don mi? Shi ya fi komai kyau!

SIDDIƘU: Ya ce yaɓe gyara ne, zane ko sabon ado ne. Kuma ya tambaya ko mai gidan yana da keke. Na ce jaki gare shi.

TAMBARI: Allah shi shirye ka. Siddiƙu, sati biyu ban iya cin tuwon kirki. Ɗakin nan na kudu, nan tsohuwa Kulu ke dama mana kunu. Ina ta tunanin baƙo ya rushe shi. Rago zan aiko maka.

SIDDIƘU: Kar ka soma. Malamin haraji da rago a ƙofa? Korata kake so a yi? Ni ma can anka yanke mani cibi, ba don kai kaɗai na yi ba.

TAMBARI: To mi zan yi maka?

SIDDIƘU: Shekara arba'in muna tare, ban taɓa jin ka gode mani ba. Faɗi, mai haɗa waya ya ce mintinmu uku sun cika.

TAMBARI: Taubashi ya gode ma taubashi? Ga mutane cike da gidan waya suna saurare.

SIDDIƘU: Su ji. Ina jira.

TAMBARI: To. Siddiƙu ɗan Goggo, tsakanina da Allah, na go...

SIDDIƘU: Alo? Tambari? An yanke. To, na karɓi rabi. Sauran ka kawo da bakinka ran kasuwar Kalgo.