Sawun Kirya a Gonar Bakin Tsamiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe Hakimi, uban ƙasa, shugaban wanga taro. Bature Di'o, wanda ya taso tun daga Katsina cikin zafin bazara. Allah gafarta Malam Alƙali da Malam Liman. Dagatai da masu unguwanni na Kankiya da Kusada. 'Yan uwana tsofaffin soja da muka dawo daga yaƙin Bama, masu ƙafa biyu da masu ɗaya. Iyayenmu mata da ke saurare daga bayan danga. Jama'a manya da ƙanana, ina gaishe ku gaisuwar girma.

Sunana Kofur Dawuda, mutumin ƙasar Kusada. An ce in tashi in yi godiya a madadin sojojin da aka liƙa wa lamba yau. To, na tashi, ko da yake tashin ya ɗauki lokaci, kun gani da idonku. Malam tafinta, don Allah duk abin da na faɗa ka juya wa Bature shi yadda yake, kada ka tace mashi.

Godiya ta farko ga Allah take, kuma ita ba wasa a cikinta. Mu tara muka shiga mota a nan Kankiya, mu shida muka dawo. Sauran ukun suna kwance a dajin da iyayensu ba su iya faɗin sunanshi ba. Allah ya jiƙan su.

Godiya ta biyu ga Gwamnati, wadda ba ta cin kayan talaka a banza. Ta karɓi ƙafata ta hagu a Bama, ta musanya mini da wata a asibitin soja. Ƙafa ce mai kyau, jama'a, an shafe ta da fenti ja-ja irin fatar Bature, ga baƙin takalmi mai igiya manne a jikinta. A kan siminti tana tafiya kamar ta san hanya. Da ta iso yashin garinmu sai ta ƙi ƙasa, ƙasa ta ƙi ta. Zazzaɓi ya kwantar da ni kwana takwas, na jingine ta jikin bango, garar Kusada kuwa ba wanda ya sanar da ita cewa kayan Gwamnati ne. Takalmin kaɗai ta bari, kuma ina farin cikin shaida wa Bature cewa bai lalace ba, kazar matata Kubura na ƙwai a ciki. Wannan da nake tsaye a kanta, Bube masassaƙi ya sassaƙa mini da icen kirya, irin wanda yake yin taɓarya da shi. Ba ta da fenti, ba ta da takalmi, amma gara ta ɗanɗana ta haƙura.

Godiya ta uku ga mutanen garinmu, masu tausayi, masu yawan tausayi, masu tausayin da ba ya hutu. Tun ranar da na sauka ban ƙara jin "ina kwana" ba, sai "sannu". In na zauna sannu, in na tashi sannu, in na yi atishawa a ce Allah sarki. Na ɗauki fartanya, an karɓe. Na nufi rijiya, an riga ni. Wani bawan Allah har ya biyo ni gida da albishir, wai ya samo mini wuri mai inuwa a bakin kasuwar Kankiya, inda masu sadaka suka fi wucewa. Ni da na ratsa kogi da bindiga a ka, yau an samo mini inuwa. Allah ya saka mashi da irin alherinshi.

Godiya ta huɗu, ita ce babba, kuma ga Babba take, wana, uwa ɗaya uba ɗaya. Ga shi can zaune bayan dagaci, da farar hula. Kada ka sunkuyar da kai, Yaya, yabonka zan yi.

Mahaifinmu ya bar mana gonaki biyu. Ta fadama ta Babba ce, ta jigawa ta bakin tsamiya tawa ce, kowa ya shaida ranar rabo. Da zan tafi na damƙa mashi ita, ya noma, ya ciyar da iyalina, ban manta ba, kuma ba zan manta ba. Da na dawo bara na ce ya ba ni abata, sai ya dubi ƙafata, ya dubi sama, ya ce, "Dawuda, ka huta. Muddin ina numfashi ba ka kwana da yunwa. Na ba surukina Mamuda aronta, don kada ta koma saura."

Na ce, "Yaya, ban roƙi tuwo ba, gona na tambaya."

Ya ce, "Bari ruwa ya sauka mu gani."

Ruwa ya sauka, Mamuda ya shuka. Na koma, sai Babba ya tara mini dattawa, suka tuna mini al'adarmu, wadda na sani tun ina yaro: ba a tumɓuke shukar mutum, ko gonar ta wa ce, sai ya girbe. Suka ce in yi haƙuri sai baɗi. To, baɗin ce ta zo, jama'a, ga hadari ya fara leƙowa daga gabas, kuma makon jiya da na sake tambaya, kun san abin da aka ce mini? Bari ruwa ya sauka mu gani. Haka za a yi ta gani, shekara bayan shekara, har yaran da ke tasowa su buɗe ido su tarar ana ce mata gonar Mamuda.

Zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ranar da likita ya yanke ƙafar nan ban yi kuka ba. Wata biyar ina kwance a Indiya, abin da nake gani in na rufe ido shi ne tsamiyar nan da geron da ke ƙarƙashinta, shi ya hana ni mutuwa. Amma ranar da dattawa suka ce sai baɗi, na shiga ɗaki na yi kuka kamar yaro. Rashin ƙafa bai ƙona mini rai ba kamar yadda wannan ya ƙona.

Sai dai Allah ya haɗa ni da mace mai ido. Daminar bara ina ɗingishi a bayan gida, Kubura ta ce, "Malam, tsaya. Dubi bayanka." Na waiwaya, ashe duk inda kiryar nan ta taka sai ta bar rami, zurfin yatsa, taku ɗaya tsakani, a jere. Ta ɗebo wake ta bi ramukan tana jefawa tana rufewa da ƙafa. Waken ya fito, har Babba ya ci ɗanwakenshi ya yaba. Wato abin da mai ƙafa biyu ke nema da sungumi, yana sara yana haki, ni yawo kawai nake yi.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ranar Asabar da Lahadi da Litinin, da hantsi, rana tsaka, a idon kowa, na yi yawo a gonar bakin tsamiya daga kunya ta farko har ta ƙarshe, Kubura na bina da ƙoƙon iri a ƙarƙashin mayafi. Masu wucewa suka tsaya suna girgiza kai: "Allah sarki, kewar gonar ce ta dame shi." Mamuda ya yi mini sannu. Babba da kanshi ya biyo ta wurin a kan jaki, ya ɗaga murya ya ce, "Kubura, bi shi a hankali, kada ya faɗi." Ta ce, "Ina biye, Yaya." Garin manoma guda, jikokin manoma, aka yi binne gabansu kwana uku, ba wanda ya gani, don kowa ƙafar yake kallo.

Gero na ƙasa yanzu, yana jiran ruwa. Ban zo ƙara ba, Malam Alƙali, ban zo roƙo ba. Al'adar da dattawa suka karanta mini bara ita na zo in maimaita gaban Hakimi da Liman da Bature, don kada wani ya manta da ita bana. Mai shakka ya je ya duba sawu, ba mai irinshi a ƙasar Kusada sai ni. Mamuda kuwa ya yi haƙuri, Yaya. Bari ruwa ya sauka mu gani.

Allah ya ja zamanin Hakimi. Allah ya mai da Bature gida lafiya da ƙafafunshi duka biyu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare shukar kowa, ya bar zumunci tsakanina da ɗan'uwana, don dami na farko gidanshi zan kai. Allah ya rage wa mutanen garinmu tausayi, ya ƙara masu gani. Gobe in mun haɗu a hanya, a ce mini ina kwana.

Na gode.