Mayafin da Zai Zaga Duniya

Bayan rasuwar ɗana, na je inda ake shirya zane-zanen matasan da za a zaga ƙasashe da su, in karɓo nasa kada a yar. Sai na ji wani kafinta da wata yarinya suna magana.

"'Yata, miƙo tsumman can in naɗe gilashi."

"Haba Baba! Zanen abokinmu ne, a kan mayafin mahaifiyarsa ya yi shi."

"Har da faci? Ina shi?"

"Ya rasu."

"Allah ya jiƙansa. A mayar wa uwar?"

"A'a, duk inda muka sauka, shi za a fara ratayewa."

"To matsa in auna masa akwati."

Ni na yi facin nan. Na koma gida hannu rabbana, amma ranar na iya cin abinci.