Katin da Gara ta Cinye

Iyayena da 'yan'uwana, ina gaishe ku ɗaya bayan ɗaya cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Ku amsa mini da ƙarfi, don yau bakina cike yake!

Ga baƙin da ba su san ni ba, sunana Saratu, matar Baban Iliya wanda ya yi aikin jirgin ƙasa har ya yi ritaya a nan Kaura. Ni ce mai kunun zaƙin nan ta bakin ƙofar kwaleji. Kun ji an yi mini aiki a ciki, an kuma yi nasara. To, akwai wani ciwon da ya fi na cikin, wanda kunya ta hana ni faɗa. Shi na tsaya in faɗa yau, ko za ku yi mini dariya.

Ina budurwa aka yi mini baftisma a wata 'yar majami'a ta ƙauyenmu, can wajen Shinkafi. Ranar aka ba ni kati shuɗi, da sunana, da sa hannun mai bishara, da hatimi. Muna komawa gida mahaifiyata ta karɓa, ta naɗe shi a tsumma ta ce, "Saratu, riƙe wanga abu kamar ranki. Da shi za ki shiga sama." A gidanmu haka muka ɗauki abin. Kakata da katinta a ƙirji aka rufe ta. Da mahaifiyata ta rasu, ni da hannuna na ɗora mata nata. Ba wani fasto da ya koya mana haka, mu muka tsiro da abinmu muka riƙe shi gam.

Shekara da shekaru ina zuwa sujada, ina buga tukunyar kiɗa a zumuntar mata har tafin hannuna ya yi kanta. In an tambaye ni wa ya cece ni, kafin a rufe baki na ce Yesu. Amma gaskiyar magana, zuciyata tana cikin akwatin katako a ƙarƙashin gado, inda katin yake.

Bara da damina cikina ya fara kumbura, jini ya ƙi tsayawa. Muka je asibiti a Gusau. Likita ya duba ni, ya ce ƙari ne a mahaifa, sai an yi aiki, kuma kada a ɗauki lokaci. Ya miƙo takardar da zan sa hannu. Na ce, "Likita, bari in je gida in shirya." Shirin nawa ɗaya ne: in ɗauko katina in ƙulle a bakin zane, don in ban farka ba a same ni da shi.

Na jawo akwatin na buɗe. Wayyo Allah! Gara! Ta shigo ta ƙasa, ta cinye tsumman, ta cinye katin, ta bar mini ƙasa-ƙasa da wani ɗan gefe mai rabin hatimi. Sunana ma babu ko harafi ɗaya. Na zauna dirshan a ƙasa na ɗora hannu a ka na kurma ihu, har maƙwabciyarmu Hajiya ta shigo da gudu tana tambaya wa ya mutu.

Maigida ya zo ya duba, ya ce, "Haba Saratu, takarda ce fa."

Kun san bakina. Na ce, "Baban Iliya, kai da ka ƙare ƙuruciyarka kana sauke mutane daga jirgi don ba su da tikiti, kai ne yau za ka ce mini takarda ce?" Bawan Allah ya juya ya fita.

Daga ranar na ce ba mai sa mini wuƙa. Ba wuƙar nake tsoro ba. Tsorona in mutu a kan gadon aiki, in isa ƙofar sama hannu wofi, a ce ba a san ni ba.

Na je wurin Fastonmu, ga shi nan zaune, ya san ba ƙarya nake yi ba. Ya ce zai rubuta mini wani. Na ce, "Fasto, kai ka yi mini baftisma? Wannan ai jabu ke nan." Na roƙe shi ya sake tsoma ni a ruwa ya ba ni sabo. Ya ce baftisma ba wanki ba ce da za a yi ta maimaitawa, kuma ba ruwa ko takarda ke ceton mutum ba. Ya yi mini bayani mai kyau, Allah ya saka masa. Amma ta wannan kunnen ya shiga, ta wancan ya fita.

Sai na yi wautar da har yau nake nadamarta. Ban faɗa wa kowa ba, na shiga motar Shinkafi ranar kasuwa, kun kuwa san yadda hanyar nan ta zama saboda 'yan bindiga. Daga can na roƙi wani ɗan acaɓa ya kai ni ƙauyenmu, ko zan sami littafin da aka rubuta sunayenmu. Ya dube ni ya ce, "Inna, mi za ki nema can? Mutane duk sun watse." Na nace, ya kai ni. Majami'ar ta zama kufai, rufin ya tafi, ciyawa ta kai ƙugu. Wani tsoho makiyayi da muka tarar ya ce mai bisharan ya daɗe da rasuwa, iyalinsa kuma bai san inda suka nufa ba. Ya ga ina kuka, ya ba ni nono a ƙwarya ya ce in yi maza in bar wurin tun rana ba ta karkata ba. Na dawo Kaura da jini har ƙafa.

Wata biyu ina ja da asibiti. Na rame, na yi fari fat, tulun kunu ma na kasa ɗagawa. Ran nan da hantsi na faɗi a gaban masu sayen kunu, aka kwaso ni a keke napep. Maigida ya durƙusa gabana, mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba, ya ce, "Saratu, kashe kanki za ki yi ki bar ni?" Na ji tausayinsa ƙwarai, amma tsoron ya fi ƙarfina.

Washegari ya je ya ɗauko Inna Ladi a kan mashin. Baƙi, Inna Ladi ita ce tsohuwar can mai sanda a layin gaba, wadda duk ikkilisiyar nan babu wanda ya kai ta shekaru. Ta shigo ta zauna a bakin tabarmata, ko sannu ba ta yi mini ba. Ta ce, "Ke ce anka ce gara ta cinye maki ceto?"

Na ce, "Inna, ba abin wasa ba ne."

Ta ce, "Nawa katin akuya ta cinye shi tun ba a haife ki ba. Na shanya shi bisa dangar gida don ruwa ya taɓa shi, ina juyowa na ga tana taunawa. To, sai ki ce akuyar ce za ta shiga sama?"

Ina cikin ciwo, amma sai da dariya ta kuɓuce mini. Ita kuwa ba ta yi dariya ba. Ta kama hannuna ta ce, "Ɗiyata, amsa mini. Wa anka gicciye dominki?"

Na ce, "Yesu."

"Wa ya tashi daga matattu?"

"Yesu."

"To katin mi ya yi maki? Jini ya zubar? Kati shaida ce ga mutane, don mu mantuwa gare mu. Shi wanda ya mutu dominki, kina tsammani sai ya duba takarda kafin ya tuna sunanki?"

Na ce, "Inna, ai na gaskata da shi."

Ta ce, "Kin gaskata labarinshi, ba ki saki jiki da shi ba. An taɓa yi mini aikin ido, na san ɗakin. Ɗankunne za su cire maki, zobe za su cire, ɗankwali ma ba su bari. Su sa ki barci, hannunki ya saki. Ko katin na nan, da wane hannu za ki riƙe shi? A ɗakin nan ba ke ce mai riƙo ba, ke za a riƙe. Bangaskiya ke nan, ki yarda ya riƙe ki."

'Yan'uwa, maganar nan ta shige ni har ƙashi. Shekaru ina rera waƙar alheri, ashe ban taɓa yarda kyauta ba ne. Na sauko daga tabarma na kifa goshina a ƙasa. Ba wata addu'a mai tsari na yi ba. Cewa na yi, "Yesu, na raina jininka, na fifita takarda a kanka. Ka gafarta mini. Ba ni da komai a hannu, ba ni da abin nunawa. Kai ka mutu domina, kai na dogara gare ka. In na rayu taka ce, in na mutu taka ce." Na yi kuka har muryata ta dushe, Inna Ladi tana shafa bayana tana Amin.

Da na ɗago, abin nan da ya tokare mini ƙirji wata biyu babu shi. Ciwon cikin yana nan, jinin yana nan, amma tsoron ya tafi. Halleluya! Na ce da maigida, "Nemo mota, gobe Gusau." Ya tsaya yana kallona kamar bai san ni ba.

Muna isa na sa hannu a takardar likita. Likita ya ce na yi sakaci, jinina ya yi ƙasa sosai, sai da aka ƙara mini kafin a shiga. Bai ɓoye mana ba, ya ce aikin yana da haɗari. Ranar aikin wata nas ta zo ta cire mini ɗankunne da zobe ta ba maigida. Na dubi tafin hannuna biyu, wayam. Na ce a raina, Ubangiji, ga ni. Suka tura ni ciki, aka yi mini allura, ban ƙara sanin komai ba.

Da na buɗe ido da la'asar, fuskar Baban Iliya na fara gani, idonsa jawur. Ya ce, "Saratu, kin dawo?"

Da ƙyar na iya motsa baki. Na ce, "Na dawo. Amma ko da ban dawo ba, Baban Iliya, na san inda zan farka."

Yabo ya tabbata ga Ubangiji! Na gode masa da ya warkar da jikina, na fi gode masa da ya ba ni salama tun kafin in san ko zan warke. Na gode wa Fasto, da Inna Ladi, da matan zumunta da suka yi ta jigilar abinci, da Hajiya maƙwabciyata da ta riƙe mini gida.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ban san abin da ka ɓoye kake dogara da shi ba. Ko yawan zuwanka sujada ne, ko sunan gidanku, ko kirkinka da kowa yake yabo. Ina roƙonka, kada ka jira sai an kwaso ka a keke napep irina. Ka sake shi yau, ka dogara ga Yesu shi kaɗai, ya isa. Ni Saratu na gwada, bai sake ni ba.

Cikin sunan Yesu. Amin!