Kwana Huɗu na Ruwa

A ɗakin jira na tashar mota, wata ma'aikaciyar ofishin yanayi ta ɗora kwamfuta a cinya, wani dattijo a gefenta sai leƙe yake yi.

"'Yata, wannan sifiri da ya cika allo fa?"

"Awon ruwan sama ne, Baba. Kowace gunduma da ƙauyukanta, kowane ƙauye da jerin kwanakinsa. Wani ya aiko na kwana talatin, wani na tara kacal. Na sa kwamfuta ta bi kowane jeri, ta tsallake sifiri, ta ƙirga ranakun da ruwa ya sauka."

Dattijon ya yi jim, sannan ya faɗi sunan wani ƙauye ƙasa-ƙasa. "Yana ciki?"

Ta duba. "Ga shi. Jerinsa gajere ne, kwana goma sha ɗaya. An yi ruwa a huɗu."

"Huɗu! To, sun yi shuka. Ƙanena ba ya jiran na uku."

"Can za ku ke nan?"

"Ina! Rabona da can shekara ashirin. Mun saɓa a kan gona."

"Ko waya ba ku yi?"

"Shi ne ƙarami, shi ya kamata ya kira."

Aka kira fasinjojin motarta, amma ta kasa rufe kwamfutar.

"Na ƙarshen, 'yata, mai yawa ne?"

"Mai yawa ne sosai, Baba."

Ya sunkuyar da kai. "Ɗakin tsohuwarmu yana yoyo ta gabas. Ko ya gyara?"