Karkaren Inna da Wankan Jaririna

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, barkanki da aiki, ina fatan iyali suna lafiya. Sunana Hajara, daga Nasarawan Doya nake rubuto miki.

Watan jiya na haifi ɗana na fari a gidan iyayena. Innata ce ke yi wa duk jikokinta wanka, kuma tun ina da ciki take ɗokin wannan. Sai ga karkare ya fito mata a yatsa, ya fashe yana zubar da mugunya.

Da muka je asibiti a Makarfi, nas ta duba hannun ta ce, "Inna, ƙwayar cutar da ke cikin wannan ciwo tana bin hannu da tawul da soso. In ta shiga cibiyar jariri, za a sha wahala. Ki rufe ciwon, ki sha magani, ki ware kayan wankanki, kada ki taɓa jaririn tukuna."

Inna ba ta yi musu ba. Kullum da safe sai ta zauna gefe, ta rungume hannu, tana koya mini: "Tallafe wuyansa, 'yar nan, a hankali." Wata rana na ɗago kai na ga tana share hawaye da gefen mayafi.

Ranar da nas ta ce yatsan ya warke, Inna ta wanke hannu da sabulu, ta karɓi jaririn ta ce, "Angona, yi haƙuri, amaryarka ta makara."

Malama, ki ja hankalin masu jego. Ina gaida Innata, na san tana saurare.